Baƙi Da Masu Neman Aiki A Ƙala'at An-Nahal: An Ciyar Da Su, Wa Zai Tsaya Musu?

Duk wanda ya saba yin sammako zuwa kasuwar Ƙala'at an-Nahal idan damina ta ja baya, ya san irin mutanen da zai tarar a bakin rumfunan masu shayi. Samari ne da magidanta, kowa da ƙullin kayansa da jarkar ruwa, suna jiran motar wakilin gona ta zo ta ɗebi masu yankan riɗi. Wannan ba sabon abu ba ne a Jihar Gadarif. Abin da ya sauya tun daga 2023 shi ne su wane ne ke cikin jeren. A da 'yan ci-rani ne da hannunsu ya san lauje, waɗanda ake kira jangu. Daga baya sai aka soma ganin malamin makaranta daga Madani, da direba daga Khartum, da mai kanti daga Sinja wanda aka wawashe masa shago, dukkansu suna neman aikin da ba su taɓa yi ba, a garin da ba wanda ya san su.

Mun daɗe muna bin wannan al'amari a gidan rediyon al'umma da muke aiki, kuma abin da muka lura da shi shi ne, jama'ar unguwanni sun yi bakin ƙoƙarinsu wajen ciyar da baƙo da ba shi wurin kwana. Inda aka gaza shi ne mataki na gaba, wato haɗa shi da aiki ta yadda ba za a cuce shi ba, shi ma ba zai cuci kowa ba. Wannan kuwa fanni ne da ba wanda ya kai 'yan kasuwa saninsa, domin da shi kakanninmu suka kafu a ƙasar nan tun kafin a ji sunan wata ƙungiyar agaji.

Idan ba a manta ba, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023. Mutanen Khartum ne suka fara kwararowa gabas. A watan Disamba na wannan shekara Madani ta faɗa hannun RSF, waɗanda suka fake a can suka sake ɗaukar kaya. A ƙarshen Yunin 2024 aka kama Sinja, sannan Dindir, kuma wanda ya fito daga can da nufin Gadarif, ta yankin Hawata da namu hanyarsa take, ga shi tsakiyar damina ce, laka ta hana mota tafiya. A watan Oktoba kuma aka afka wa ƙauyukan gabashin Jazira. Ya zuwa ƙarshen 2024, hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 11 ne suka bar gidajensu a cikin ƙasar, kuma dubban ɗaruruwa daga cikinsu a jihar nan suka sauka. Wannan ƙari ne a kan Habashawa kimanin 60,000 da suka tsallako bayan yaƙin Tigray ya tashi a Nuwamban 2020, waɗanda aka tsugunar da akasarinsu a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba.

Gaskiya ne sojoji sun ƙwato Sinja a Nuwamban 2024, Madani a Janairun 2025, Khartum kuma a watan Maris, kuma jama'a da dama sun koma gida. To amma wanda ya koma shi ne mai abin komawa. Wanda gidansa ya ƙone, ko jarinsa ya salwanta, ko matar da mijinta bai dawo ba, waɗannan su ne suka rage a tsakaninmu, kuma su ne suka fi buƙatar aikin yi.

Dole a jinjina wa abin da unguwanni suka yi a lokacin da abin ya yi tsanani. An buɗe makarantu mutane suka kwana a azuzuwa. Magidanta sun ba da ɗakunan baƙi da zaure. Matasa sun kafa abin da ake kira ɗakunan agajin gaggawa, aka kuma farfaɗo da takiyya, wato tukunyar sadaka da ake ɗorawa kullum kowa ya zo da kwanonsa. Lokacin da kwalara ta ɓulla a jihar a 2023, ta kuma dawo a 2024, su waɗannan matasa ne suka riƙa kai marasa lafiya da rarraba maganin tsabtace ruwa. Duniya ma ta shaida, domin a 2025 an ba ɗakunan agajin gaggawa na Sudan lambobin yabo a ƙasashen Norway da Sweden.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Wani babban kaso na kuɗin da ake hura wutar takiyya da shi daga waje yake zuwa, ko daga 'yan ƙasa mazauna Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa, ko daga ƙungiyoyin agaji. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a Janairun 2025, masu tafiyar da waɗannan tukwane sun bayyana cewa sama da 1,100 sun rufe a faɗin ƙasar, kusan kashi 80 cikin ɗari ke nan. Wani ya sa hannu a takarda a Washington, tukunya ta huce a unguwar da bai taɓa jin sunanta ba.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, domin mun taɓa ganin irinsa a ƙofar gidanmu. A 1967 dubban mutanen Iritiriya suka tsallako Sudan bayan sojojin Sarki Haile Selassie sun ƙona musu ƙauyuka. Daga 1969 gwamnati da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka soma kwaso su zuwa yankin Ƙala'at an-Nahal, aka kafa musu ƙauyuka shida, cikinsu har da Um Sagata da Salmin. An yanka wa kowane gida faddan 10, faddan ɗaya kuwa kusan eka guda ne, aka tanadi taraktocin haya, aka jawo ruwa da bututu daga kogin Rahad. A takarda tsari ne mai kyau. A ƙasa kuwa, idan tarakta ta lalace ko ta makara, shuka ta makara. Idan injin ruwa ya tsaya, sai mutane su watse neman ruwa. Da yawa daga cikinsu sun ƙare suna ƙodago a manyan gonakin wasu. A shekarun 1980 ƙungiyar ACORD ta shigo don gyara lamarin. Bayan Iritiriya ta sami 'yanci a 1993 wasu suka koma, a ƙarshen 2002 kuma aka janye wa waɗanda suka gudo saboda yaƙin neman 'yanci matsayinsu na 'yan gudun hijira. Ka tambayi dattawan kasuwar nan su wane ne suka tsaya da ƙafarsu cikin waɗancan baƙi, za su nuna maka waɗanda suka sami wanda ya yarda da su a gari, ya ba su kaya bashi, ya koya musu ciniki, ya kuma shaide su a gaban jama'a.

Wannan shi ne tsarin da ya kawo mu nan. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'arsa, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar wajen 1906. Bayansu mahajjata suka yi ta biyowa a ƙasa. Da aka buɗe noman auduga na Jazira a 1925, aka kuma haɗa Gadarif da Sinnar da titin jirgin ƙasa a 1929, wanda ya ratsa ta garin nan, sai hanya ta buɗe wa masu neman guzurin Makka. Noman injin da aka fara a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940 ya ƙara jawo hannaye. Mutumin da ya taso daga Kano ko Katsina ko Damagaram ba shi da katin abinci, ba shi da sansani. Abin da yake da shi shi ne sunan mai masauki. Mai masaukin nan zai ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗinsa, ya kai shi wurin mai gona, ya zauna a yi jinga a gabansa, idan an hana shi haƙƙinsa shi ne zai je ya karɓo, idan kuma baƙon ne ya yi ɓarna, shi za a tuhuma. Haka abin yake a zangon Kumasi, haka yake a Sabo ta Ibadan, inda fatake ke damƙa wa mai gida shanu da goro na maƙudan kuɗi ba tare da ko takarda ɗaya ba. Jarin mai masauki shi ne sunansa, shi ya sa ba ya wasa da amanar kowane ɓangare.

To, mene ne baƙon yau yake rasawa da babu irin wannan mutum a bayansa? Abu uku ne.

Na farko, jingarsa ba ta da shaida. Kowa ya san riɗi ba ya jira. Idan ya nuna aka yi jinkirin 'yan kwanaki, kwanson zai tsage ƙwaya ta zube ƙasa, shi ya sa a watan Oktoba mai gona yake neman hannu ido rufe, ya yi alƙawari da baki mai daɗi. Ana biyan mai yanka ne bisa hilla, wato dami 400 da aka jingine wuri guda. Bayan kakar 2024 wasu samari bakwai suka zo mana tasha da kuka. Sun yi makonni a wani kambo mai nisa, an yi ciniki da baki, da aka zo biya sai wakilin ya ƙirga hilla ƙasa da abin da suka ƙirga, ya kuma cire kuɗin garin dawa da busasshen kifi da ruwan da suka sha, alhali su a saninsu ciyarwa a kan mai gona take. Sun so mu ambaci sunan mutumin a iska. Ba mu iya ba, domin ba takarda, ba shaida, maganarsu ce da tasa. Tsohon ɗan jangu ya san waɗannan ramuka, yana kuma da abokan da zai gargaɗa kada su sake zuwa gonar. Sabon shiga kuwa sai dai ya haɗiye.

Na biyu, ba shi da takarda. Mutane da yawa sun gudo ba su ɗauko komai ba, ciki har da lambar ɗan ƙasa, wato raƙam watani. Tun da aka canja takardun kuɗi na fam 500 da 1,000 a Disamban 2024, aka ce kowa ya zuba tsohon kuɗinsa a banki, hada-hada ta ƙara komawa kan Bankak da makamantansa. Wanda ba shi da lamba ba zai buɗe asusu ba, saboda haka ladansa sai ya bi ta wayar wani. Kuma mu faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci: a cikin masu yankar wani kaso kafin su ba lebura tsabar kuɗinsa akwai 'yan kasuwa, kamar yadda a cikin masu ba ƙaramin manomi bashin shail a damina su karɓi amfaninsa da arha a kaka akwai namu. Ba za mu yi kukan an cuci baƙo a gona ba, mu kuma mu tare shi a rumfa mu ƙarasa shi.

Na uku, ana zarginsa. Tun da yaƙi ya matso iyakar jihar, baƙuwar fuska ta zama abin tuhuma, har mutane suka laƙaba wa abin suna dokar baƙin fuskoki. An tsare mutane a shingaye saboda garin da aka haife su, ko launin fatarsu, ko yadda harshensu yake karya Larabci. Habashawa ma sun ɗanɗana. Ba mu ce jami'an tsaro su rufe ido ba, domin yaƙi ba wasa ba ne. Amma mutumin da aka tare, idan zai iya cewa ga wanda ya sauke ni, ga rumfarsa, a kira shi, sau da yawa magana ta ƙare ke nan. Wanda ba shi da sunan da zai ambata shi ne ke kwana a tsare.

Wani zai ce, ina ruwan mai sayar da atamfa a Galabat da wannan? Ruwansa ne ƙwarai. Kasuwannin kan iyaka da kuɗin kaka suke numfashi. Lebura idan an biya shi, kafin ya bar gari zai sayi takalmi da sabulu da turmin zane na kai wa gida, ya ci agashe, ya yi aski. Idan an hana shi, wannan ciniki ya mutu. Bugu da ƙari, manyan gonakin Gadarif sun daɗe suna dogara da leburorin Habasha masu shigowa ta Matamma. Rikicin filayen Fashaga da ya sake tashi a ƙarshen 2020, da faɗan yankin Amhara tun daga 2023, sun sa hanyar nan ba ta da tabbas, an sha rufe ta ana buɗewa. Sai ga shi mai gona yana kukan rashin hannu, a gari kuma majiya ƙarfi suna zaune a inuwa. Abin da ya raba su rashin yarda ne: mai gona yana tsoron ya ba da kuɗin kafin alƙalami a gudu da shi, lebura yana tsoron ya yi aiki a hana shi. Dillali da mai masauki don cike irin wannan giɓi aka yi su.

Saboda haka ga abin da muke ganin kowace kasuwa da unguwa za ta iya yi ba tare da jiran kowa ba.

A samu kwamitin masauki na mutum biyar ko bakwai, da ɗan kasuwa, da limami, da shehun unguwa, da mace ɗaya aƙalla, da ɗaya daga cikin matasan da suka riƙe takiyya, tun da sun riga sun san gidajen da baƙi suke. Su buɗe littafi: sunan baƙo, garinsa, sana'ar da ya iya, da wanda ya sauke shi. Kada a wuce haka, domin littafin neman aiki ne. A sanar da hukumar mahalliyya da masu sarauta tun farko, don kada a ce ana wani abu a ɓoye. Sau da yawa za a tarar cikin masu jiran motar gona akwai makaniki ko tela ko ma'aikaciyar jinya, alhali garin yana neman irinsu.

Kada wanda ke cikin littafin ya hau motar gona sai an rubuta jinga a gaban shaidu biyu. Rabin shafi ya isa: nawa ne hilla, wa zai ƙirga, ciyarwa da ruwa a kan wa, wace rana za a biya, da tsaba ko ta waya, idan ta waya ce lambar wa. Mai gona na kirki ba zai ƙi ba, domin takardar shi ma tana kare shi daga wanda zai ajiye lauje a tsakiyar aiki. Wanda ya ƙi sa hannu ya riga ya ba da amsa. Mu a namu ɓangaren a shirye muke mu riƙa faɗin farashin hilla da na yankan dawa a iska kowane mako, kamar yadda ake faɗin farashin kasuwar amfanin gona ta Gadarif, don kada a yi wa kowa ciniki cikin duhu.

A kafa asusu irin na adashi, amma a tara hatsi maimakon kuɗi, tun da fam yana narkewa a hannu. Kowace rumfa mudu kaza ranar kasuwa, kowane manomi abin da ya sawwaƙa a kaka. Da shi za a sayi kayan sana'a a bayar aro: baro, amalanken jaki, keken ɗinki, tukunyar shayi da kofuna. Da shi kuma za a biya wa mutum kuɗin mota ya je ofishin rajista ya fitar da lambarsa. Diwanin zakka yana karɓar kasonsa daga riɗi da dawar yankin nan kowace shekara, saboda haka ba roƙo ba ne idan kwamiti ya je da jerin sunaye ya nemi a juya wani abu zuwa kayan sana'a. Baƙon da ya fito daga wata ƙasa kuwa, a raka shi ofishin hukumar 'yan gudun hijira ya gyara takardunsa, domin kwamiti ba gwamnati ba ne.

A kuma tuna da rani. Yankan riɗi 'yan makonni ne, dawa ta biyo baya, daga nan sai zaman banza har ruwa ya sauko. Akwai aikin ƙaro a dazuka, akwai lambu da su a bakin Rahad, inda mutanenmu suka yi suna tun da daɗewa, akwai dako da lodi a kasuwa. Mai lambun da zai ɗauki yaro ɗaya ya koya masa rainon albasa ya yi abin da buhun agaji goma ba zai yi ba. Matan da ke sayar da shayi da abinci su ma abin da suka fi nema shi ne wurin zama da ba za a tashe su ba, da wanda zai ba su sukari da gawayi bashi zuwa yamma.

Mun san akwai masu fargaba, kuma fargabarsu tana da tushe. Wani zai ce idan na tsaya wa mutum ya zama ɓarawo fa? Shi ya sa muka ce kwamiti, don nauyin kada ya faɗa kan mutum ɗaya, kuma a fara da ƙaramar amana kafin babba, kamar yadda kowane uban gida yake gwada sabon yaronsa. Wani kuma zai tuna mana da abin da ya faru a Jihar Shuɗin Nilu a Yuli da Oktoban 2022, inda rikicin ƙasa da sarauta tsakanin Hausawa da maƙwabtansu ya ci ɗaruruwan rayuka a yankunan Rusairis da Wad al-Mahi, ya ce duk abin da Bahaushe ya shirya za a fassara shi da neman mulki. Amsar ita ce kada a yi shi da sunan ƙabila. Littafin ya karɓi Bahaushe da Bamasalace da mutumin Jazira da Bahabashe, kwamitin ya haɗa duk wanda ke da rumfa a kasuwa, a kuma bar maganar fili da sarauta ga masu ita. Mu da aka sha tambayarmu takardar asali a ƙasar da aka binne kakannin kakanninmu, mun fi kowa sanin zafin a ce da mutum ba a san shi ba.

Lokacin shirya wannan shi ne kafin riɗi ya nuna, domin idan motoci suka fara ɗiba ba mai sauraren wani. Shugabannin kasuwannin Ƙala'at an-Nahal da Hawata da Doka da Galabat suna haɗuwa a wurin biki da jana'iza, ba zai gagare su zama ɗaya a kan wannan ba. Littafi guda da biro da mutum biyar masu mutunci sun isa a fara. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya kuma ba mu ikon riƙe amanar wanda ya sauka a hannunmu.